Daminar da Attarugun Baba Ya Kwanta

Abin da idona ya fara sauka a kai ranar da muka iso Orozo shi ne wata gonar attarugu a gefen hanya. An yi ruwa da safe, ƙasa a jiƙe sharkaf, amma ganyen duk ya yi laushi ya sunkuya kamar shukar da aka manta ba a ba ta ruwa ba. Ina zaune a bayan a-kori-kura, a kan katifarmu, na rungume fitila don kada gilashinta ya fashe. Na so in tambayi Baba yadda shuka za ta yi ƙishi alhali gindinta yana cikin ruwa. Da na dubi fuskarsa sai na fasa.

Bana ma irin wannan damina ake yi. Tun da na dawo hutu rana ba ta yi fitowar kirki ba. Kayan makarantata suna warin danshi a kan igiya, takalmin Baba ya yi fumfuna a bayan ƙofa. Warin ne ya mayar da ni shekarar da nake aji ɗaya a sakandare.

Kafin mu zo Orozo a wata unguwa muke a gefen birni, inda Baba yake da ɗan shagon kayan shayi. Wata rana aka shafa wa bangonmu jan fenti, ba a daɗe ba katafila ta zo. A lokacin Abuja sai kumbura take yi. Tifofi suna wucewa da yashi tun asuba, hotunan 'yan takara a jikin kowace gada, leburori ma sun fara riƙe wayar hannu. Kowa cewa yake kuɗi sun shigo gari. Mu dai abin da ya shigo mana katafila ce.

Ƙanin Baba, Baffa Sale, yana lodin siminti a kasuwar kayan gini ta Dei-Dei. Ya ce Baba ya zo kawai, aiki har ya yi wa mutane yawa. Amma Baba yana da ciwon ƙirji tun yana saurayi, ko shara Inna take yi sai ya fita waje. Inna ta ce in ya shiga siminti ta san abin da zai biyo baya, kuma ba ta shirya masa ba. Baba ya ce a ba shi damina ɗaya. A ƙauyensu na ƙasar Zazzau da noman attarugu ya tashi. In attarugu ya yi, ya zauna gida ke nan. In bai yi ba, zai bi Baffa.

Wanda ya ba shi ƙasa dattijon Gbagyi ne, muna ce masa Kaka Ayuba. Makon da muka zo ya aiko mana da doya ba tare da ya san ko sunanmu ba. Da Baba ya je godiya, hira ta kai su ga noma, sai Kaka ya ja shi bakin rafi ya nuna masa wani yanki ya ce ya noma. Bai nemi komai ba sai kwando ɗaya in an yi girbi, kamar yadda ake yi a garin. Bai kuma ɓoye masa ba: ya ce attarugu a ƙasar nan kwanciya yake yi in marka ta kama, su ma da wani shuɗin gari na kanti suke fama, wata shekara ya tare, wata shekara ya ƙi. Ni kuwa 'yar boko yake kirana, kullum ya gan ni da jaka sai ya tambaya ko yau an koya mana yadda ake hana akuya cin rogo.

Zafin da aka yi kafin ruwa ya sauka ban manta da shi ba. Kwanon ɗakinmu yakan ɗauki rana tun hantsi, da la'asar ko bango ba ka iya jingina da shi. Baba ya gyara wurin renon iri kusa da rafi, ya tara ciyawa ya ƙona a kai, ya barbaɗa iri, ya yi masa rumfar kara. Da asuba ni da shi muke ɗibar ruwa kafin in tafi makaranta. Rafin ya janye har sai an tona yashi an jira ruwa ya taru, ana kwalfa da gwangwani. Inna tana soya awara a bakin hanya don leburori, abin da ya yi kwantai shi ne abincin darenmu. Da safe koko ba sukari. Da rana garin kwaki, in an samu ƙuli a marmasa. Ƙannena sun koyi lasar takardar da aka naɗe awara. A aji nakan danne cikina da jaka don kada ta kusa da ni ta ji yana ƙara.

Ana cikin haka malamar gona ta zo a farar mota. Malama Saratu sunanta, daga wani ofishi a cikin birni. Ta tara manoma a gindin mangwaro, ni ina daga bayan Inna ina leƙe. Ta ce abin da yake kwantar da attarugu wata fumfuna ce da take zaune a cikin ƙasa, in ruwa ya yi yawa sai ta farka ta kama saiwa ta ruɓar da ita, shi ya sa shuka take ƙishi a cikin ruwa. A nan na samu amsar tambayar da ban yi ba. Ta fito da leda ɗauke da farin gari kamar hoda. Ta ce a ciki akwai wasu halittu masu rai da ido ba ya gani, bakteriya, amma masu amfani. In aka tsoma saiwar dashe a ruwansu, sai su kama wuri a jikin saiwar su hana fumfunar shiga.

Wani ya tambaya ko nufinta su ɗebo ƙwari da hannunsu su zuba a gona. Aka yi dariya. Kaka Ayuba ya karɓi ledar ya shinshina, ya ce wannan ai ta shafa wa jarirai ce a wuya. Malama ma ta yi dariya, ta ce gwaji ne, leda ɗaya ce tak, wanda yake so ya ɗaga hannu. Baba kaɗai ya ɗaga. Ba shi da halin sayen shuɗin, kuma ya ga gonar nan ta gefen hanya kamar yadda na gan ta.

Ta gaya masa sharuɗɗa, ya maimaita mata su kamar ɗalibi. A ajiye a inuwa mai sanyi. A dama da ruwan rijiya. Kada a haɗa da komai, musamman shuɗin nan, don shi ba ya bambance mai amfani da mai cuta, duka yake kashewa. Wannan na ƙarshen a bakin mota ta faɗa masa, bayan taro ya watse.

Inna ta ba ledar wuri a bayan randa, ta lulluɓe ta da jiƙaƙƙen tsumma. Kullum da rana sai ta sake jiƙa shi tana mita, wai an ƙaro mata 'ya'yan da ba ta gani, ga su da son sanyi kamar 'ya'yan minista. Amma ko ƙannena suka matsa kusa da randar sai ta daka musu tsawa.

Ruwa ya sauka, ƙasa ta yi ƙamshi, Baba ya yi huɗa shi kaɗai har hannunsa ya fashe. Dashen gona guda kuwa ya fi ƙarfin mutum ɗaya, don dole a gama kafin irin ya yi yaushi. Kaka ya ce zai kira masa gayya. Ana gobe gayyar da la'asar, Baba ya ce bari mu gwada hannu don kada ya ji kunya a gaban mutane. Ya ɗebi garin kaɗan ya dama a ƙaramar roba, ruwan ya yi fari-fari. Ina tsoma saiwa ina miƙa wa Inna, tana miƙa masa, yana dasawa. Layi biyu muka yi a kusurwar da take kallon rafi, magariba ta kore mu.

Da safe mutane suka zo, maza da fartanya, mata da jarirai a baya. A gayyar garin ba a zuwa hannu sake. Wata ta kawo barkono, wani ya kawo rake, matar Kaka ta kawo tulun kunu. Inna ta dafa wake da shinkafar da ta daɗe tana ɓoyo. Baba ya juye sauran garin duka a babban daro, ya dama da ruwan rijiya, ya jera damman iri a gefe.

A al'adarsu mai ƙasa ne yake fara sa hannu kafin kowa ya sunkuya. Kaka Ayuba ya zo da sandarsa ya tsaya a kan daron. Ya daɗe yana kallo. Sai ya sa hannu a aljihu ya fito da ƙullin shuɗin garin nan.

"Idi," ya ce da Baba, "wannan naka ruwan kunu ne. Ba zan tsaya ina gani ka yi dashe da ruwan kunu a ƙasana ba. Kai baƙona ne."

Matarsa ta ce rabin abin da ya saya don tasa gonar ne, ta hana shi ya ƙi. Mutane suka yi ta yaba masa. Ya fara kwance ƙullin da haƙori, don yatsunsa ba sa lanƙwasuwa sosai, kuma ya ɗauki lokaci yana yi.

Baba yana tsugune a ɗaya gefen daron. Na ga hannunsa ya ɗago daga kan gwiwarsa, ya tsaya a iska, ya koma. Garin ya zuba. Kaka ya juya da sandarsa, farin ya bi shuɗin har ya ɓace.

"Yanzu ya zama magani," in ji Kaka.

"Na gode, Baba," in ji mahaifina. "Allah ya saka da alheri."

Inna ta juya baya ta shiga gyara wutar da ba ta mutu ba.

Aka yi aiki da waƙa. Kafin azahar gona ta cika, hannun kowa ya yi shuɗi, yara suna shafa wa juna a fuska. An ci an sha, an yaba girkin Inna. Baba ya raka kowa har hanya yana godiya.

Da aka watse, Inna ba ta ɗaga murya ba, don ɗakinmu katanga ɗaya ce da ta maƙwabta.

"Kalma ɗaya ce, Malam."

"A gonarsa? Gaban 'ya'yansa da surukansa in riƙe masa hannu? Mutumin da ya ba ni ƙasa ranar da ba ni da inda zan kafa ƙusa?"

"To. Sai mu dafa kunyar mu ci."

Ta ɗauke tsumman bayan randa ta shanya.

Abin da ya fi ciwo shi ne da farko gonar ta yi kyau. Dashe ya kama, ganye ya yi duhu, fure ya fito fari ƙanana-ƙanana. Baba ya fara cewa wataƙila halittun sun fi yadda Malama take zato ƙarfi, ko kuma shuɗin shi kaɗai zai wadatar. Baffa Sale ya zo ya gani, ya ce ashe Yaya da gaske yake. Har Inna ta fara zancen inda za a samo kwanduna.

Sai marka ta kama. Ruwa ba mai ƙarfi ba, irin mai naci, a kwana ana yi a wuni ana yi. Itace ya jiƙe, Inna tana hura wuta har idonta ya yi ja. Leburori suka daina fitowa, awara ta daina tafiya. Gishiri ya narke a gwangwani, ashana ta ƙi kamawa, fumfuna ta hau tabarma da littattafaina. Mun koma cin abinci sau ɗaya, tuwon masara da miyar kuka ba mai. Da yamma ƙanshin gasasshiyar masara yakan taso daga gidan maƙwabta, ƙannena su tsaya a bakin ƙofa suna shaƙa.

Daga gangare abin ya fara. Wata safiya muka tarar da gindi uku ko huɗu sun sunkuya. Baba ya tuge ɗaya, ta fito ba gardama, saiwar ta yi baƙi, gindin ya yi laushi yana yauƙi. Ya shinshina ya jefar. Ya buɗe hanyoyin ruwa da fartanya cikin ruwan sama, yana tari yana haƙa. Muka riƙa tuge waɗanda suka kamu muna kai su nesa don a ƙone, amma wuta ta ƙi cin su, sai hayaƙi. Kowace safiya cutar ta hau layi ɗaya ko biyu. 'Ya'yan da suka fara nuna suka yi farin gashi-gashi, in ka taɓa sai su fashe a hannunka. Warin yana bin mutum har gida, ko an wanke hannu da toka.

Layi biyun kusurwa ne suka tsaya, ga su kuwa a inda ruwa ya fi kwanciya. Ba duka ba, su ma an rasa wasu. Amma yawancinsu suna tsaye da ganyensu, ja yana leƙowa ta ƙarƙashi. Baba ba ya son kallon wajen. In zai wuce sai ya zagaya ta ɗaya gefen.

Da marka ta ɗaga Malama Saratu ta dawo. Ta tsallake gonar da dogon takalmin roba, ta tsaya a kusurwa, fuskarta ta washe. Ta ɗauki hotuna da yawa. Na lura duk sai ta tsuguna ta juya wa sauran gonar baya kafin ta danna. Daga baya ta tambayi Baba me ya sami ragowar. Kaka Ayuba yana tsaye kusa da shi, ya dogara da sanda. Baba ya ce ruwa ne ya yi yawa. Ta dube shi, ta dubi gonar, ba ta ja zancen ba. Ta ce kada ya damu, baɗi za ta kawo abin da zai ishi gona guda. Ta ce kuma ya kula da ƙasar kusurwar nan, don in halittun suka samu wuri sukan zauna su hayayyafa.

Bayan ta tafi Kaka ya dafa kafaɗar Baba. Ya ce laifinsa ne, rowa ya yi, da ƙulli biyu ya zuba da hodar matar nan ba ta ci ƙarfin maganin ba. Baba ya ce haka Allah ya so.

Abin da aka tsinka kwando ɗaya ne da 'yan kai. Baba ya zaɓi masu kyau ya cika kwandon, ya ɗora a ka ya kai gidan Kaka. Kaka ya ƙi karɓa, Baba ya ajiye a ƙofa ya juyo. Ragowar Inna ta shanya. Kafin sallar layya Baba ya bi Baffa Sale.

Baɗin da aka ce bai zo ba. Da rani masu awon fili suka bi bakin rafi suna kafa turakun kankare, aka ce an ba wani kamfani wurin zai gina rukunin gidaje. Gonar Kaka ma ta shiga ciki, da ta 'ya'yansa. Malama ba mu sake ganin ta ba, wasu sun ce an sauya mata wurin aiki. Baba yakan dawo ƙarshen mako, gashin girarsa fari, in ya yi kaki sai ka ga toka-toka. Ya daina zancen gona. Shinkafa ta dawo gidanmu, an saya mini takalmi, an biya kuɗin makarantar kwana. Duk na ci, na sa, na tafi.

Bana tun farkon damina yake gida. Likita ya ce ya bar siminti in yana son numfashinsa. Shi kuma yana cewa da ƙirjin ya lafa zai koma, don zama ba ya ciyar da kowa. Inna ce ta tara tsofaffin buhunan siminti ta wanke, ta cika su da ƙasa a bayan ɗaki, ta samo dashen attarugu ta ajiye masa. Ya yi kwana biyu yana wuce su, sannan ya dasa. Tun daga nan da su yake wuni, har ya fara lissafin buhu nawa filin bayan masallaci zai ɗauka in an ba shi aro. Shekaranjiya na ga buhu biyu sun sunkuya. Shi ma ya gani. Da yamma ya tambayi Inna inda ta ajiye tsohuwar rigarsa ta lodi.

Jiya na ɗauki buhu da ƙaramar fartanya na nufi bakin rafi. An zagaye wurin da katanga, gidaje sun tashi masu jan rufi, wasu an shiga, wasu ko taga babu. Ta saman katangar na hango kusurwar. Ba a yi gini a kanta ba, saboda ruwa, ciyawa ce ta rufe ta. Ban san ko akwai sauran abu mai rai a ƙasar ba bayan waɗannan shekaru. A makaranta na tambayi malaminmu, ya ce zai yiwu, zai yiwu kuma babu.

Maigadin da yake bakin get Kaka Ayuba ne. Kamfanin ya ba shi aikin. Kakin ya yi masa yawa, ya naɗe hannun rigar, yana zaune a benci da sandarsa. Sai da na matso sosai ya gane ni.

"'Yar boko. Kin girma. Yaya ƙirjin Idi?"

Na ce da sauƙi. Ya girgiza kai, ya ce har yau in ya tuna sai ya ji haushin kansa, ƙulli ɗaya kawai ya kamata ya ƙara a waccan shekara. Na sunkuyar da kai ina kallon fartanyar. Ya tambaya me zan yi da buhu. Ya ce Ogan kamfanin ya hana kowa shiga sai mai gida a ciki, ko makon jiya an kori wani maigadi saboda ya bar mata sun yi itace.

Ban taɓa roƙon babba wani abu da bakina ba, ko a gida Inna nake bi ta roƙa mini. Na durƙusa a gefen bencin.

"Kaka, ƙasa nake so. Ta kusurwar can, wajen rafi. Rabin buhu ma ya isa. Don Allah ka buɗe mini in ɗiba kafin Oga ya dawo."